Wayar da ke hannun mai kwana a aji

A wata makarantar firamare da ke Gadarif ta ƙasar Sudan, inda ajujuwa suka koma ɗakunan kwana, wata dattijuwa ta ciro babbar waya tana kan layin abinci. Nan take wani mai wucewa ya hau gunaguni, wai mai irin wannan waya me ya kawo ta layin sadaka. Mai wannan rubutu, wadda aikinta rajistar 'yan gudun hijira ne, ta ji irin wannan magana ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023. Da dakarun RSF, ɓangare ɗaya a yaƙin, suka kama Wad Madani a Disambar shekarar, sannan Sinja a ƙarshen Yunin 2024, jama'a suka kwararo Gadarif, garin dawa da riɗi. Cikinsu akwai malamai, ma'aikatan jinya da 'yan kasuwa. Gida ba ya ɗaukuwa a ka, don haka kowa ya fito da abin da ya shiga aljihu.

Wayar nan banki ce. Tsabar kuɗi ta yi wuya, sai aka koma ga Bankak, manhajar bankin Khartum, wadda ta ita ɗan'uwa a Jidda ke turo kuɗin magani. Cikin wayar akwai hoton katin shaida da takardar gida, kuma da ita ake cigiyar ɗan da aka rabu da shi a hanya. Da layukan sadarwa suka katse a Fabrairun 2024, mutane da yawa sun kasa sayen ko burodi alhali da kuɗi a asusunsu. Haka zoben zinaren da ke yatsan mace: ajiyar ranar rashin lafiya ce, sai uwar bari ake kai shi kasuwa.

Hausawan Gadarif sun fi kowa sanin wannan hali, domin kakannin da yawansu matafiya ne da hanyar Makka ta ajiye a nan. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa matafiyin da guzurinsa ya yanke cikin masu haƙƙin zakka, kuma malaman fiƙihu sun ce ko da mawadaci ne a garinsu.

Da layi ya zo kan dattijuwar, aka nemi shaidarta. Takardunta duk suna can Sinja. Wayar ta buɗe ta nuna hoton katinta, aka rubuta sunanta da na jikokinta.