Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Garkuwar Jiki Take Aiki?

Wani mai sauraronmu daga unguwar Lokuwa a garin Mubi, jihar Adamawa, ya aiko da tambaya yana cewa: lokacin annobar kwalara ta shekarar 2018, me ya sa wasu suka kwanta, wasu kuma ko gezau, alhali rijiya ɗaya suke sha?

To Malam, sannu da ƙoƙari. Garkuwar jiki hawa-hawa ce. Da farko akwai fata, da majina, da ruwan ciki mai tsami wanda ke kashe ƙwayoyin kwalara da yawa tun kafin su isa hanji. Waɗanda suka tsallake sai su ci karo da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ɓargo ke samarwa. Wasunsu na haɗiye ƙwayar cuta, wasu kuma na ƙera sinadarin da ke manne mata ya hana ta sakat. Idan ka ji kaluluwa ta fito maka a hantsa bayan ka yi tuntuɓe, to ana can ana fafatawa ne.

Bayan an gama, jiki kan riƙe kamannin cutar, kamar yadda dillalin kasuwar shanu ta Mubi ke shaida san da ya taɓa sayarwa. Shi ya sa da wuya ƙyanda ta kama mutum sau biyu, kuma hikimar rigakafi ke nan.

Bambancin da ke tsakanin waɗanda suka kwanta da waɗanda ba su kwanta ba kuwa na zuwa ne daga yawan ƙwayoyin da mutum ya haɗiya, da rashin abinci mai gina jiki, da ko jikinsa ya taɓa sanin cutar. Sai dai kariyar kwalara kan dushe bayan 'yan shekaru, saboda haka a tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu.