Gidan Makama Namu Ne, Mu Shiga

'Yan'uwa, sau nawa muke wucewa ta gaban Gidan Makama, gidan tarihin nan na Kano, ba mu leƙa ba? An gina shi tun ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa, a ciki kuma akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya in ga baƙi sun fi mu saninsa.

Malamin makaranta, ɗebi ɗalibanka ka kai su, su tsaya gaban ƙyamaren nan su ga kaurinsu da idonsu. Mai unguwa, ka nemi tsofaffin da suka san tarihin ƙofofi, ka haɗa su da ma'aikatan gidan. Wanda ya gaji tsohon takobi ko kwashe, ya fara tuntuɓar ma'aikatan gidan kafin ya miƙa wa dillali.