In Kamfanin Inshora Ya Soke Takardar Motarka

Jama'a, sau da yawa mai mota yakan biya kuɗin inshora, ya naɗe takarda ya cusa a aljihun gaban mota, ya ce shi da wannan magana sai baɗi. Kwatsam sai ga wasiƙa ko saƙon waya, wai kamfani ya soke inshorarsa. Wani ma ba ya jin labari sai ranar da ya buge motar wani ya je neman diyya. Akasarin mutanenmu a nan sukan ce Allah ya isa, su kakkaɓe riga su je su sake biya a wani wuri. Haƙuri abu ne mai kyau, amma nan ba muhallinsa ba ne. Inshora yarjejeniya ce, yadda ta ɗaure ka haka ta ɗaure kamfanin, kuma ba shi da ikon warware ta yadda ya ga dama.

Kafin ka ɗaga murya, fara tabbatar da cewa dama kana da inshorar. Kada wannan ya ba ka dariya. A bakin ofisoshin lasin akwai masu zama ƙarƙashin bishiya da jaka a hammata, su karɓi kuɗinka su miƙo maka takarda mai tambari da hatimi, alhali babu kamfanin da ya san da ita. Daga 1 ga Janairu 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000, diyyar dukiyar wanda ka yi wa ɓarna kuma ta tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. To, wanda ya ce zai yi maka a kan dubu biyar yau, me kake zaton ya sayar maka? Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayanai da ake kira NIID. Ka danna *565*11# a wayarka, ka sa lambar mota, za ka ga ko tana ciki. Idan ba a taɓa shigar da ita ba, mai yiwuwa ba soke maka aka yi ba, damfararka aka yi, kuma in haka ne maganar ta 'yan sanda ce.

Idan kuwa takardar ta gaske ce, sai ka nemo cikakkiyar yarjejeniyar. Wannan ƴar falle ɗaya da kake nuna wa jami'an hanya shaida ce kawai. Akwai wata mai shafuka da yawa da ƙananan haruffa, wadda ba kowa ke karɓa ba, balle ya karanta. Ka je ka karɓe ta, haƙƙinka ce. A ciki akwai sharaɗin sokewa. Galibi yana cewa kamfani zai ba ka wa'adi a rubuce, sau da yawa kwana 7, ya aika zuwa adireshin da ka bayar, sa'an nan ya mayar maka da kuɗin watannin da suka rage. A ɗauka motarka ta naira miliyan 6 ce, ka biya naira 300,000 na cikakkiyar inshora ta shekara, aka soke bayan wata 4. Wata 8 ke nan suka rage, kana bin su naira 200,000. Mutane da yawa sukan tafi su bar wannan kuɗi don ba su san nasu ne ba.

Lura da kwanan wata sosai, domin a nan ne ake yawan cutar mutane. Sokewa tana aiki ne daga ranar da wa'adi ya cika zuwa gaba. Haɗarin da ya auku kafin ranar yana kan kamfani. Ba ya halatta ka kai kukan diyya ran Litinin, ran Laraba a ce an soke, sa'an nan a ce babu ruwansu da abin da ya wuce. Sai dai fa idan suna da'awar cewa tun farko ka ɓoye musu gaskiya. Wannan wata magana ce daban, mai nauyi, kuma su ne za su kawo hujja.

A nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ba kullum kamfani ke da laifi ba. Mutum ya yi rajistar mota a matsayin ta gida, ya biya kuɗin ta gida, amma kullum da asuba yana tasha yana lodin Kano zuwa Zariya. Ko ya sayar da motar, mai saye ya ci gaba da yawo da takardar tsohon mai ita. Ko ya cika fom ya ce bai taɓa haɗari ba, alhali gaban motar ma sabon ƙira ne daga garejin fanal-bita. Irin wannan in an kama shi, ƙorafinsa ba zai yi nisa ba. Haka kuma wanda bai biya ba: tun daga Janairu 2013 NAICOM ta tsaya kai da fata a kan ƙa'idar cewa in babu biya, babu kariya.

Amma sau nawa mutum ya biya, kuɗin ya maƙale a hannun mai shiga tsakani? Dokar Inshora ta 2003, wadda aka yi aiki da ita har zuwa sabuwar doka ta 2025, ta ɗauki kuɗin da aka ba dillali mai lasin tamkar an ba kamfanin ne. Dillali mai lasin, ba ɗan unguwarku da ya ce ya san hanya ba. Shi ya sa rasit ɗinka da shaidar tura kuɗi ta banki suka fi duk wata rantsuwa da za ka yi. Kada ka bar su a mota rana ta cinye tawadar. Ka ɗauki hotonsu, ka ajiye na asali a gida.

Yanzu ga ƙorafin kansa. Kada ka dogara da waya. Yarinyar da ta amsa kiranka za ta ce ka yi haƙuri ana dubawa, gobe ka kira ka samu wani daban wanda bai san zancen ba. Rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban kamfanin ko sashensu na karɓar ƙorafi. Ka sa sunanka, lambar inshora, lambar mota, ranar da ka biya da nawa ka biya, da ranar da ka ji labarin sokewar. Ka tambaye su abu uku a fili: wane dalili ne, wane sharaɗi suka dogara da shi, kuma yaushe aka aiko maka da wa'adi, ta wace hanya. Sa'an nan ka faɗi abin da kake nema, ko a dawo da inshorar, ko a biya diyyarka, ko a mayar maka da ragowar kuɗinka. Ka ba su lokaci, misali mako biyu. Ban da zagi, ban da barazana, domin wannan wasiƙa wata rana alƙali na iya karanta ta. Ka kai kwafi biyu, ka tsaya a gaban teburin har a buga wa naka sitam da kwanan wata da sa hannu. In an ce ka ajiye ka tafi, ka ce a'a, za ka jira.

In lokacin ya wuce shiru, ko suka ba ka amsar da ba ta gamsar ba, sai ka haura sama. NAICOM, wadda dokar 1997 ta kafa, ita ke ba kamfanonin nan lasin, ita kuma ke iya ƙwacewa, saboda haka suna jin maganarta. Hedikwatarta na Abuja, tana da sashen sauraron koke-koke, kuma ba sai da lauya ba. Ka haɗa kwafin komai, har da wasiƙarka mai sitam, domin abin da za su fara tambaya ke nan: ka kai wa kamfanin kuka tukuna? Akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC. Wanda ya yi takaful, wato inshora irin ta Musulunci, maimakon inshorar da aka saba, shi ma wannan hanya ce tasa, don NAICOM ce ke kula da su duka. Kotu tana nan a ƙarshe, amma tana cin kuɗi da lokaci. A kan diyyar miliyoyi ta cancanta, a kan naira 15,000 kuwa kuɗin lauya kaɗai ya ninka abin da kake bi.

Duk tsawon wannan jayayya, kada ka hau titi da takardar da aka ce an soke, ko da kana da yaƙinin kai ne mai gaskiya. Tun 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka tsananta binciken inshorar dole, kuma in tsautsayi ya sa ka buge wani a wannan tsakani, daga aljihunka za ka biya. Ka yanki inshorar dole a wani kamfani mai lasin kafin a gama jayayyar. In fom ɗinsu ya tambaya ko an taɓa soke maka inshora, ka rubuta e, ka yi bayanin yadda abin ya faru, ka liƙa kwafin wasiƙar ƙorafinka a baya.