Hadarin Gabas da Guguwar Teku: Yadda Ake Bin Sawunsu

Manoman bakin Komadugu sun san daga inda hadari yake tasowa. Daga gabas yake haɗowa, ta wajen tafkin Cadi. Ƙura ce take fara isowa, sannan iska mai sanyi, sannan ruwa. To, in ya wuce Diffa, ina yake zuwa?

Yamma yake nufa, ta Maine-Sorowa, Damagaram, Maraɗi da Yamai, yana cin kilomita 50 zuwa 60 a awa. Ba shi kaɗai yake tafe ba. Can sama akwai wata igiyar iska da take ratsa Sahel daga gabas zuwa yamma duk kwana 3 zuwa 5 a lokacin damina, ita ce take tayar da hadari a kan hanyarta. Kimanin 60 daga cikin irin waɗannan igiyoyi suna fita tekun Atalantika kowace shekara. Yawancinsu a nan suke mutuwa. Amma in ɗaya ta tarar da ruwan teku da ɗumi, wajen tsibiran Kap-Ber, sai ta shiga juyawa, ta zama guguwa. Andrew, wadda ta rusa dubban gidaje a Florida ta Amurka ranar 24 ga Agusta 1992, daga gaɓar Afirka ta taso kwana 10 kafin nan.

Lokacin guguwar Atalantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, wato daminarmu da kakarmu. Masana a birnin Miyami suna bin kowace ɗaya da hotunan tauraron ɗan'adam, har jiragen sama suke aikawa cikinta su auno ƙarfinta. Da gudun iska ake ba ta matsayi. In bai kai kilomita 63 a awa ba, lamba kawai take samu. In ya kai 63, sai a raɗa mata suna, na namiji ko na mace bi da bi. Daga kilomita 119 ta zama babbar guguwa, kuma manyan aji 5 ne: aji na 1 daga 119 zuwa 153, aji na 5 daga 252 zuwa sama. Wadda ta yi mummunar ɓarna, ba a sake ba wata sunanta. A shekarar 2020 guguwa 30 aka raɗa wa suna.

Amfanin wannan aiki duka shi ne gargaɗi kafin ɓarna. A ganina, abin da ya fi na'urorinsu daraja shi ne ba su barin guguwa ta wuce ba su rubuta ta ba. Wannan kuwa ba ya gagarar wanda ya halarci ajin yaƙi da jahilci.

Kowane aji ya ware littafi guda. Duk ranar da aka yi hadari, a rubuta kwanan wata, da lokaci, da inda ya fito, da matsayinsa. Mu namu ma'aunin ido ne. Iskar da ta tayar da ƙura kawai, ƙarama ce. Wadda ta karya ƙananan rassa ta kai wajen kilomita 62 a awa, ta kusa samun suna ke nan da a teku take. Wadda ta yaye rufin kwano ko ta tumɓuke itace, babba ce. Inda akwai ma'aunin ruwan sama a ƙara yawan milimita. Kada a yi gaggawar shuka hatsi a ruwan da bai kai milimita 20 ba.

Bayan damina biyu ko uku, littafin zai nuna muku makonnin da iska ta fi tsanani a garinku, ku san lokacin ɗaure rufi, da gyara rumbu, da yi wa renon tattasai shinge ta gabas. In kuwa hadari ya riske ku a gona, kada ku fake ƙarƙashin itace tilo, kuma a fito da yara daga kogi tun da tsawar farko.