Filin Shawarwari: Cinikin da Ba a Ga Hajarsa Ba

Allah ya gafarta Malam,

Na rubuto ne domin neman shawara a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni. Ni mutumin Gwandu ne, amma a Kalgo nake zaune, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi da safe, da yamma kuma in gangara fadama in taya kawuna aikin shinkafa. Albashina ba ya kai ni ƙarshen wata, ga shi kuwa an sa mini ranar aure bayan Babbar Salla.

Wani abokina da muka yi sakandare tare ya shigar da ni wani zaure na WhatsApp, inda wani kamfani da ya ce ofishinsa yana Legas yake tallan kwas na mako biyu, wanda a cewarsu zai koya wa mutum yadda zai yi odar kaya daga ƙasar Sin ya sayar yana zaune a ɗakinsa. Kuɗin kwas ɗin Naira 35,000 ne. In mutum ya gama sai ya ƙara biyan Naira 150,000, a aiko masa da ƙunshin kayan fara sana'a ta mota zuwa tashar Birnin Kebbi. Ba su faɗi abin da ke ciki ba, sun dai ce kaya ne masu tafiya a kasuwa, kuma cikin wata uku jarin mutum zai ninka. Bayan haka, duk wanda ka kawo ya yi rajista za a ba ka kamasho Naira 10,000, ana kuma so kowa ya kawo mutum 5. Abokina ya nuna mini alat a wayarsa, ya rantse mini kuɗin suna shigowa, su kuma sun turo hoton takardar rajistarsu ta CAC, suka ce ranar Juma'a za a rufe karɓar mutane.

Abin da nake da shi Naira 70,000 ne na shansherar da kawu ya ba ni na sayar. Amma mahaifiyata a Gwandu ta ba ni ajiyar Naira 120,000 da ta ɗauka a adashi, tana nufin ta sayi tumakin kiwo da su, zuciyata kuma tana raya mini in juya su in mayar mata da riba tun ba ta tambaya ba. Malam, wannan kasuwanci halal ne? Kuma ta yaya mutum zai gane na gaskiya daga na ƙarya?

Ɗalibinka,
Wani malamin makaranta, Kalgo

Ɗana,

Wasiƙarka ta iso, kuma tun da fari ina so ka sani ban ga aibu ba ga saurayin da albashinsa ya gaza, aure kuma ya ƙarato, in ya ɗaga kai yana neman wata ƙofa ta halal, alhali kuwa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya wallafa Tanbihus Sahibi ala Ahkamil Makasibi domin ya kwaɗaitar da jama'a ga sana'a da neman na kai. Haka nan ciniki da wanda ba ka gani ba, da ɗaukar karatu daga malamin da ke wata ƙasa, ba baƙin abubuwa ba ne a wurinmu. A zamanin Turawa da farkon mulkin kai, malaman makaranta da akawuna sukan sami littafin hotunan kaya na kamfanin Lennards na Ingila, mutum ya zaɓi takalmi, ya rubuta lambarsa da girman ƙafarsa, ya bi ta gidan waya, bayan wani lokaci ƙunshi ya iso. Waɗansu kuma suka yi karatu ta wasiƙa da Rapid Results College, ko Wolsey Hall ta Oxford wadda aka kafa a 1894, suna aika amsoshinsu ana gyarawa ana komo musu da su, har suka ci jarrabawar Landan ba tare da sun bar garuruwan da suke aiki ba.

Sai dai ka lura da abin da ya tsare waɗancan mutane daga hasara, domin a nan mas'alarka take. Mai sayen takalmi ya san abin da ya saya, launinsa da girmansa da farashinsa, in kuwa aka aiko masa da wani abu dabam yana da hujja a hannu. Mai karatu kuma, makarantar da ta karɓi kuɗinsa ba ita ce take yi masa jarrabawa ba, wata hukuma ce can wadda ba ta da rabo a cikin kuɗin, saboda haka in koyarwar ta banza ce sakamako zai tona asirinta, baɗi kuma babu mai aika mata da ko sisi. To kwas ɗinka na mako biyu, wa zai shaidi amfaninsa ban da mai sayar da shi? Ban ce lalle sai an ba da takardar shaida ba, gama kasuwa ba ta tambayar takarda. Shaidar irin wannan karatu ita ce a nuna maka mutanen da suka gama shi bara, waɗanda yau suke sayar da kaya ga mutanen da ba sa cikin zauren, kuma abincinsu daga wannan cinikin yake fitowa.

Kai ɗan Gwandu ne, ka tashi a garin da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, shi kuwa bayan manyan littattafai irin su Liya'ut Tawili da Liya'ul Hukkami, bai ga ƙasƙanci ba a ya tsara Kifayatul Awami fil Buyu'i, domin talaka ya san hukuncin saye da sayarwa kafin ya shimfiɗa tabarma a kasuwa. Fuƙaha'unmu na Malikiyya ba su ƙuntata wa fatake ba ko kaɗan. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya halatta a sayi dilar tufafi ba a kwance ta ba, bisa ga takardar da ta lissafa abin da ke ciki, irinsa da adadinsa da tsawonsa, ta yadda in aka kwance aka tarar ya dace da abin da aka rubuta, cinikin ya lizimci mai saye. Mai Risala kuma ya yarda da sayen abin da ba ya nan bisa ga siffa, amma ya hana a sharɗanta biyan kuɗi tun gaba, sai fa in wurin kusa ne, ko kuwa abin irin wanda ba ya sauyawa ne, kamar gida ko gona. Ko cinikin salami, wanda aka yarda a ba da kuɗi yau a karɓi kaya nan gaba, ba ya inganta sai an ambaci jinsin kayan da awonsu da ajalinsu. Yanzu ka ɗora ƙunshinka na Naira 150,000 a kan wannan ma'auni: ba jinsi, ba adadi, ba siffa, ba ranar isowa, kuɗi kuma a gaba, tsakaninka da mai kayan kuwa nisan Kalgo da Ikko. Wannan shi ne jahala da garari waɗanda ke ɓata ciniki, ko da mai kamfanin ya zama mutumin kirki ne, balle ba mu san shi ba. Alkawarin ninka jari cikin wata uku kuma, ka je Aliero ka tambayi wanda ya shekara talatin yana ajiyar albasa ko zai iya rantse maka farashin da buhu zai yi bayan wata uku. Shi ya sa a ƙiradi, watau ba wa wani jari ya juya, shari'a ta ce a raba riba da rabi ko sulusi, ta hana a yanke wa mai jari wani adadi tabbatacce, domin wanda ya lamunce maka riba, ko dai bai san kasuwa ba, ko kuwa ba daga kasuwa yake nufin biyanka ba.

Wannan na biyun shi ne abin da nake zato, kuma maganar kamasho ce ta sa ni zatonsa. Irin wannan dabara, abin mamaki, da sunan gidan waya ta yi fice a duniya. A 1920 wani mutumin Italiya mai suna Charles Ponzi, yana zaune a Boston ta Amurka, ya shelanta cewa yana sayen takardun amsa wasiƙa na gidan waya da araha a Turai, yana musanya su da kan sarki mai tsada a Amurka, ya kuma yi alkawarin ribar kashi 50 cikin 100 a kwana 45. Jama'a suka yi ta tururuwa, na farko suka sami kuɗinsu da riba, suka koma gida suna yi masa talla da zuciya ɗaya. Amma da aka yi bincike sai aka ga kuɗin da ya tara suna bukatar takardu kimanin miliyan 160, alhali waɗanda ke yawo ba su wuce kimanin 27,000 ba, watau ba ya sayen komai, kuɗin na baya yake ɗiba yana biyan na gaba. A watan Agusta na 1920 ɗin asiri ya tonu, ya ƙare a kurkuku. Mu ma mun ɗanɗana namu: MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, hukumar NDIC kuma ta ce 'yan Nijeriya wajen miliyan 3 sun yi hasarar Naira biliyan 18, sai kuma CBEX, wadda ta ce za ta ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rushe a Afrilun 2025.

Ɗauki alƙalami, kai malami ne. In kowa sai ya kawo mutum 5, sahu na farko 5 ne, na biyu 25, na uku 125, na biyar 3,125, na goma kuwa 9,765,625, alhali ƙidayar 2006 ta sami Jihar Kebbi duka, da jarirai da tsofaffi, mutum miliyan 3 ne da 'yan kai. Ke nan dole a wayi gari babu sauran wanda za a kawo, kuma a ranar nan mafi yawan waɗanda ke ciki su ne 'yan sahun ƙarshe, waɗanda suka biya ba su karɓa ba. Ban ce abokinka maƙaryaci ba ne, la'alla rantsuwarsa gaskiya ce, alat ɗin ma na gaske ne. Amma ka tambaye shi cikin lumana, daga cikin kuɗin da suka shigo masa nawa ne na kayan da ya sayar wa baƙo, nawa ne na mutanen da ya kawo, kuma ƙunshinsa ya iso ko bai iso ba. In duka na kamasho ne, to kamfani yana karɓar Naira 185,000 a hannun kowane sabon shiga ya mayar wa wanda ya jawo shi 10,000, alat na gaba da zai shigo wayar abokinka kuwa daga aljihunka zai fito.

Takardar CAC kada ta ruɗe ka, iyakarta ta nuna an yi wa suna rajista, ba ta shaidi gaskiyar ciniki ba, wanda kuma yake karɓar kuɗin jama'a da alkawarin riba, lasisin hukumar SEC ake tambayarsa. Dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris na 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu gudanar da irin wannan tsari da masu tallata shi, ka kuwa tuna mutum 5 da ake so ka kawo, ƙannenka ne da abokan aikinka da maƙwabtan kawunka, waɗanda za ka ci gaba da haɗuwa da su a masallaci bayan an rufe zauren.

A Amurka, inda aka daɗe ana cutar mutane da tallan sana'ar gida ta wasiƙa, hukuma ta kafa ƙa'ida tun 2012 cewa mai sayar da irin wannan dama sai ya ba mai saye bayani a rubuce kwana 7 kafin ya karɓi kuɗinsa, da sunayen waɗanda suka riga suka saya domin a tuntuɓe su, da hujjar duk wata riba da ya yi da'awa. Dokarsu ba ta hau kanmu ba, amma babu mai hana ka aro hikimarta. Rubuta musu ka nemi jerin abin da ke cikin ƙunshin da farashin kowanne, da adireshin da za ka iya tura wani ɗan'uwa da ke Ikko ya gani da idonsa, da lambobin mutum goma da suka gama kwas ɗin bara, da sharaɗin mayar da kuɗi, sa'an nan ka tambaya ko za a yarda ka biya bayan kaya sun iso tasha, kuma ko za a sayar maka ba tare da ka kawo kowa ba. Juma'ar da suka yanke kuwa, bari ta wuce ka gani. Irin waɗannan ƙofofi na sha ganin an sake buɗe su ranar Asabar.

Odar kaya daga Sin sana'a ce ta haƙiƙa, 'yan Kantin Kwari a Kano sun daɗe suna zuwa Guwanzu, amma masu yinta lissafinsu na canjin kuɗi ne, da kuɗin dako a kan kowane kilo, da harajin kwastan, da abin da ya fashe a hanya, da abin da ya kwanta a shago, darasin da bai ambaci waɗannan ba kuwa bai soma koyar da komai ba. In zuciyarka tana kan fatauci, kana zaune kusa da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 a kan hanyar Kalgo, ɗalibanta kuma kullum suna sayen 'yan kayan waya da na masarufi; ka ware Naira 20,000 daga cikin naka, ka bi wani ɗan kasuwa da aka sani a Jega ko Birnin Kebbi ya nuna maka inda ake sari, ka rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita har wata biyu, kafin ka ƙara ko kwabo.

Kuɗin mahaifiyarka kuwa ba su cikin wannan shawara ko ta wace fuska. Ajiya ce, kuma da zarar ka taɓa ta ba da izininta ba lamuninta ya hau wuyanka, in ta salwanta sai ka biya, kai kuwa ka faɗa da bakinka albashinka ba ya kai ka ƙarshen wata. Ka tafi Gwandu a ƙarshen makon nan ka danƙa mata abinta, ko ka raka ta kasuwa a sayi tumakin tun farashi bai tashi ba saboda Salla. In kamfanin ya amsa tambayoyinka a rubuce, turo mini amsar mu duba ta tare. Ka gai da kawunka. Wassalam.