Darasin Kiwon Gida: Kaza Mai Ɗingishi Da Yadda Za A Yi Da Ita

Ƴan uwa, darasinmu na wannan fitowa a kan kaza yake. Kusan kowane gida akwai ta, kuma galibi dukiyar iyali ce, da ita ake fita kunyar baƙo, a sai magani ko littafin yara. In aka wayi gari kaza na ɗingishi, sai wani ya ce a yanka, wani ya ce a kai ta kasuwa tun ba ta mutu ba. Mu kuwa cewa muka yi a tsaya tukuna a gane abu guda: rauni ne ko cuta? Rauni a kaza ɗaya yake tsayawa. Cuta kuwa tana iya share akurki duka, har da na maƙwabta.

1. A ware ta

Kafin komai, a ɗauke ta daga cikin sauran. Kaji in suka ga jini sai su yi ta saran wurin, zakara kuma ba ya tausaya mata. A kife ta da kwando a inuwa, a shimfiɗa mata busasshiyar ciyawa ko yashi mai tsabta, a sa ruwa da tsaki kusa da bakinta yadda ba sai ta tashi ba. Da dare a shigar da ita inda muzuru da gafiya ba za su kai gare ta ba.

2. A duba ta

Yadda ake duba tafiyar dabba kafin a yi ciniki, haka za a yi mata. A riƙe ta a hankali, a bi ƙafar daga cinya har farce, a gwada da ɗayar. Ga abin da aka fi samu:

a) Zare ko gashin kitso da ya naɗe yatsa. A yanke shi da reza, in ba haka ba yatsar ta mutu ta gutsure.
b) Ƙaya, kwalba ko ƙusa a tafin ƙafa.
c) Kumburin tafin ƙafa mai baƙin tabo a tsakiya. Ƙwayar cuta ce ta shiga ta wani ɗan rauni.
d) Ƙafa ta yi kaushi da ɓawo kamar an shafa mata toka. Wasu mitsi-mitsin ƙwari ne ke shiga ƙarƙashin ɓawon.
e) Karaya ko targaɗe. Sau da yawa daga jifa ne, ko takun dabba, ko ɗaure ƙafafu tamau a rataye kaza a keke kai a ƙasa.

In ƙafa ɗaya ce, kazar tana ci tana sha, idonta garau, sauran kuma lafiya lau, to rauni ne, kuma akwai fatan warkewa.

3. Jinya

A tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri ƙaramin cokali guda, a bari ya huce, a wanke ciwon da shi safe da yamma. Sannan a shafa aidin ko shuɗin maganin nan na ciwo, a ɗaure da tsumma mai tsabta. Kada a sa baƙin mai, ko kananzir, ko garin batir. Ƙona nama suke yi.

Kumburin tafin ƙafa, a riƙa jiƙa shi cikin ruwan gishiri mai ɗumi kamar minti 10 kullum. Mugunyar kaza daskararra ce kamar cuku, matsawa ba ta fid da ita. In ya ƙi saɓewa, a kai wa ma'aikacin kiwo ya tsaga. Mai kaushin ƙafa, a wanke da sabulu a shafa man kaɗanya ko basilin sosai, a maimaita sau biyu a mako har sabon ɓawo ya fito.

Karaya in ta ƙasan gwiwa ce kuma ƙashi bai huda fata ba, ana ɗori. A miƙe ƙafar, a naɗa auduga, a sa sillen kara biyu gefe da gefe, a ɗaure daidai wa daida. In yatsu suka kumbura ko suka yi sanyi, ɗaurin ya matse, a sassauta. Cikin mako 2 zuwa 3 ƙashin kan haɗe. In kuwa cinya ce ta karye, ko ƙashi ya fito waje, kada a wahal da ita, a yanka da wuri tun namanta na da kyau.

Abinci ma magani ne: dusa, tsaki, gara, ɗan ƙuli-ƙuli da ganyen zogale. Mai yin ƙwai a ƙara mata ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka, don rashin sinadarin ƙashi kansa yana kwantar da kaza. Kafson mutane da ake buɗewa cikin ruwan kaji ba da awo ba, a bar shi. In likitan dabbobi ya ba da magani, a tambaye shi kwana nawa za a yi kafin a ci ƙwanta ko namanta.

4. In cuta ce fa?

A nan ne ake asara. Ku lura da waɗannan:

Kaji da yawa sun kwanta lokaci guda, da koren zawo, da wahalar numfashi, wuya na murɗewa. Wannan alamar Niwkasil ce, wadda ta fi ɓarna lokacin hunturu. Ba ta da magani, sai rigakafi. Akwai na ɗigawa a ido, irin wanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Nijeriya ke yi, ana maimaita shi duk wata 3 zuwa 4.

Budurwar kaza ta shanye, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ba rauni ba kumburi. Mai yiwuwa cutar Marek ce. Ita ma ba ta warkewa, ranar ƙyanƙyasa ake yi wa ƴan tsaki rigakafinta.

Kaji na ramewa, ƙafafu ba ƙarfi. A haska tsagar bangon akurki da tocila da dare. Kaskar kaji a nan take ɓuya, ta fito ta sha jini. A yaɓe tsagar, a share wurin.

Kaji na mutuwa farat ɗaya, tukku da ƙafafu sun yi shuɗi-shuɗi. A nan sai a ji tsoron murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a jihar Kaduna da kuma Magariya ta ƙasar Nijar a shekarar 2006. Tana kama mutum. Kada a yanka, kada a fige, kada yara su taɓa. A sanar da ma'aikatan kiwo nan take, gawar kuma a binne ta cikin rami mai zurfi.

5. Hannunka mai sanda

Kaza marar lafiya kada a kai ta kasuwa. Kuɗinta kaɗan ne, amma cutar da za ta raba wa garuruwa ba kaɗan ba ce. Wadda aka sayo ko aka zo da ita tsaraba daga tafiya, a ware ta mako 2 kafin ta haɗu da na gida. A ɗauko kaji cikin kwando, ba a ɗaure ba. Bayan jinya kuma a wanke hannu da sabulu.

Muna roƙon duk wanda ya karanta darasin nan ya karanta wa iyalinsa, don su ne ke tare da kajin dare da rana. Allah ya sa wa kiwo albarka.