Gargaɗi Ga Matuƙan Jiragen Ruwa: Lodi da Zaman Inji

Ranar Lahadi 17 ga watan Agustan 2025, wani jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo a jihar Sakkwato. Ba shi ne na fari ba. A watan Afrilun 2022 ruwa ya ci mutum 29 na ƙauyen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari. A watan Mayun 2021 kuwa, wani jirgi ya dare a tsakiyar kogin Kwara, a yankin Wara ta jihar Kebbi, da mutum sama da 150 a cikinsa. Duk sa'ad da irin wannan ta auku, magana ɗaya hukumar agajin gaggawa ta NEMA da hukumar hanyoyin ruwa ta NIWA suke ta nanatawa: lodi ya wuce kima, rigar kariya kuma babu.

Mutumin birnin Sakkwato kada ya ce babu ruwansa. A daminar 2010, da ambaliya ta cinye gadar da ke kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, malamai da ɗalibai da kwale-kwale suka riƙa ƙetare gulbin Rima.

Shi lodin nan yana da abokin ta'asa wanda ba a cika ambata ba, shi ne zaman inji. Injin da ake maƙalawa a gindin jirgi, irin Yamaha mai ƙarfin doki 15 ko 40 ko 75, ba a kafe yake ba kamar turke. Ana iya ɗaga ƙafarsa gaba ɗaya daga ruwa in an zo gaɓa ko wurin yashi. Ana kuma iya karkata shi kaɗan ciki ko waje, ta hanyar wani ɗan guntun ƙarfe da ake sokawa a ɗaya daga huji huɗu ko biyar da ke jikin mariƙinsa. Wannan ɗan ƙarfe bai kai tsawon kamu biyu ba, amma shi ke nuna wa goshin jirgi inda zai dosa. In an soka shi a hujin da ya fi kusa da jikin jirgi, farfela za ta ɗaga gindi ta danne goshi. In an kai shi hujin can waje, gindi ya nutsa, goshi ya ɗaga sama, matuƙi ya daina ganin gabansa, farfela ta riƙa haɗiyar iska tana kuka ba tafiya.

Duk wanda ya taɓa korar jaki daga fadama zuwa kasuwa ya san wannan karatu. In mangala ta zame gaba ta sauka a wuyan jaki, kansa zai sunkuya, ya yi ta sassarfa yana tuntuɓe, ko da kuwa lafiyayye ne mai cin dusa da harawa. In ta zame baya ta hau kuturinsa, ƙafafun baya su riƙa lanƙwashewa, ya tsaya cik ya ƙi gaba, a yi ta jibgarsa da sanda a kan laifin da ba nasa ba. Mai hankali ba ya dukan jaki. Tsayawa yake yi ya sauke, ya gyara akumari, ya daidaita taiki dama da hagu, in kayan sun yi yawa ya rage ya bar na sawu na biyu. To jirgi ma haka yake, sai dai shi jaki in ya faɗi a kan hanya ƙasa ce za ta tare shi, a tashe shi a kaɗe masa ƙura. Jirgi ba ya da mai tare shi.

A dubi abin da ke faruwa a bakin gulbi ranar kasuwa. An jera buhunan albasa da na shinkafa a gaba, an ɗora babura biyu a kansu, mata da goyo sun zauna a tsakiya, tsakanin bakin jirgi da ruwa bai fi tafin hannu ba. Wani dattijo ya ce, "Yaro, wanga jirgi ya cika." Matuƙi ya ce, "Haba Baba, Allah ka kiyayewa. Ku dai matsa gaba kaɗan." Aka matsa. Ga nauyi a goshi, ga ɗan ƙarfen nan a hujin ciki tun jiya da aka dawo ba kaya, babu wanda ya waiwaye shi. Da an ba inji wuta, goshi zai tsunduma yana huɗar ruwa kamar garma. Taguwa ɗaya ta isa ta watso ciki, mutane su zabura su koma gefe guda, shi ke nan.

Lalle Allah ke kiyayewa, babu musulmin da zai yi musun haka. Amma malamai ba su taɓa kiran sakaci tawakkali ba. Wanda ya karɓi kuɗin mutum ya ce zai ƙetarar da shi, amanar rai ya ɗauka, kuma za a tambaye shi. Abin kunya ne a ga matuƙi ya san farashin litar fetur har da sule da kwabo, amma bai san hujin da injinsa yake zaune ba. Mafi muni shi ne mai cewa zai gyara obalodi da matsar da ƙarfe. Ƙarya yake yi wa kansa. Babu hujin da ke rage wa jirgi buhu ko ɗaya.

Gyaran ba wuya gare shi ba. A fara da rage kaya, masu nauyi su zauna ƙasa a tsakiya. A kashe inji, a matsar da ƙarfen huji ɗaya tak, a gwada tafiya a hankali kusa da gaɓa. Zama mai kyau shi ne ƙafar inji ta tsaya a miƙe, farantin da ke saman farfela ya yi daidai da ƙasan jirgi, goshi ya ɗan ɗaga kaɗan, hannun tuƙi kuma ya daina fizgar matuƙi. In ƙarfen ya lanƙwashe ko tsatsa ta cinye shi, a sayi nasa. Ƙusa ko guntun rodi ba sa maye gurbinsa.

Sauran larurorin a taƙaice. Inji ya ƙi ɗaguwa: yawanci tsatsa da yashi ne a mahaɗa, a wanke a sa giris. Yana tsalle sama in an sa ribas: makullin da ke riƙe shi ne bai kama ba. Dunƙulayen da ke matse shi a jikin katako a duba su kowace safiya, a kuma ɗaure shi da igiya. Kada a ɗaga shi yana aiki har mashigar ruwansa ta fito fili, domin robar famfon sanyaya shi nan da nan take ƙonewa. In ɗan fitsarin ruwan nan da yake tsartarwa ya ɗauke, a kashe. Manyan injuna masu ɗagawa da maɓalli kuwa, in an danna shiru, a duba batir da fis da wayoyi. In ana jin ƙas-ƙas ba motsi, wuta ce ba ta isa ba ko mahaɗar waya ta yi tsatsa. In motar ɗagawar tana kuka inji bai ɗagu ba, man ɗagawar ne ya yi ƙasa ko iska ta shiga. In ya ɗagu yana saukowa da kansa, ko man ya koma fari kamar nono, roba ta mutu, sai bakanike. Kowa kada ya sa kai ko hannu ƙarƙashin injin da aka ɗaga sai an tokare shi.

Ana roƙon sarakunan ruwa da shugabannin matuƙa na Goronyo da Wamakko da Shagari da Sabon Birni su sa wannan dubawa cikin aikin kowace ranar kasuwa, kafin a kwance igiya. Kai kuma fasinja, nemi rigar kariya ka sa. In ka ga ruwa ya kusa bakin jirgi, ko goshinsa ya sunkuya tun ba a tashi ba, sauka ka jira na baya.